Matan Mai Fansho da Asusun Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan bayani ne a kan asusun magani na ma'aikatan Gwamnati, da abin da ke samun matansu ranar da aiki ya ƙare.

Asalin al'amarin, a shekarar 1999 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta kafa asusun da a ke kira inshorar lafiya, aka soma aiki da shi a 2005. Ana zuba kuɗi da sunan ko wane ma'aikaci. Kadan ciwo ya zo, sai ya tafi asibitin da aka rubuta shi, likita ya duba shi, shi kuwa ya biya ushirin kuɗin magani kaɗai. Amma an ƙayyade masu cin moriyar, watau ma'aikaci, da matarsa guda, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ke son ƙari sai ya biya dabam.

To, ga ƙulli na farko. A ƙasar nan mai mata biyu ko uku ba baƙon abu ba ne, takarda kuwa gurbi ɗaya ta bari. In ya rubuta uwargida, amarya ce mai ciki da goyo. In ya rubuta amarya, uwargida ce mai hawan jini da ciwon gwiwa. Ko wacce ya zaɓa ya shuka magana a gidansa, alhali an umurce shi da adalci tsakaninsu.

Ƙulli na biyu ya fi tsanani. Ma'aikaci kan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. A tsarin Tarayya, da zarar sunansa ya fita daga takardar albashi ya fita daga asusun, matarsa kuma ta bi shi, zama haƙƙinta a jikin nasa aka rataye shi. Ga shi kuwa lokacin ne jiki ke soma neman magani. Mutum ya koma gonarsa ta shinkafa a fadama, inda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, sauro ya yi gida, ambaliya kuma ta kan zo kamar yadda ta zo a 2020 da 2022. Kwanciya ɗaya a asibitin Haɗejiya ta kan cinye abin da aka noma a damina. In mai gida ya riga mu gidan gaskiya, matarsa ta fita takaba ba ta da takardar da za ta nuna wa kowa.

Lalle an taɓa gyara. A 2020 aka buɗe shirin GIFSHIP, wanda mai fansho ko ɗan kasuwa zai biya wa kansa da iyalinsa shekara shekara, ko mutane su haɗu ƙungiya su shiga tare. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kuma ambaci asusu domin masu rauni, watau yara ƙanana, da masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Jihar Jigawa tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA. A watan Agusta na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya umurci hukumar fansho ta ƙasa ta shirya magani kyauta domin masu ƙaramin fansho.

Amma a lura da matar mai fansho 'yar shekara arba'in da biyar. Ba ta kai tsohuwa ba, ta wuce haihuwa, kuma ba lalle a lissafa ta cikin matalauta ba tun da mijinta na karɓar wani abu a wata. Ƙofofi da yawa, babu wadda aka yanka daidai tsawonta.

Malamai sun san cewa a Muhtasar na Shaihu Halilu an ɗora wa miji ci da sha da tufa da mazauni da ladan ungozoma, ba a ɗora masa kuɗin magani da na ƙaho ba. Amma an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa ladan mai magani na wuyan miji, malaman zamani da dama kuma sun rinjayar da haka, domin magani yau ya zama kamar abinci. Al'adar ƙasar nan ma haka ta ke, babu mutumin kirki da zai kai matarsa gidan iyayenta don ta kwanta ciwo. Masu shakkar inshora saboda garari su sani, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi hukunci a 1985 cewa irin ta taimakon juna halal ce.

Saboda haka abu uku ya kamata a roƙa. Na ɗaya, a ƙidaya rayuka maimakon gurbi, duk matar da aka ɗaura wa aure a rubuta ta, ko da za a ƙara kuɗi kaɗan. Na biyu, a riƙa cire ɗan abu daga fansho, asusu ya ci gaba bayan aiki. Na uku, kada a soke sunan mace domin mutuwar mijinta. Fatake da masunta da manoma waɗanda ba su da albashi, su haɗa kai kamar yadda su ke yin adashi, su shiga da matansu duka. Wanda kuma fanshonsa ya gabato ya je ofis tun yana da ƙarfi ya tambaya, sunan wa ke cikin takarda, har yaushe kuma zai zauna.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa shugabanni su ji. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.