Zankon Siminti Ba Ya Mayar Da Bulo Soro

A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano, wai za a faɗaɗa titi. Daga baya aka tayar da wata da siminti, aka yi mata ado irin na gargajiya, aka ce mana ƙofa ta dawo. Ina ta dawo? Wadda kakanninmu suka gina ta tafi har abada, wannan kuwa kwaikwayo ce, kuma haushina shi ne yadda muka karɓa muna tafi.

Cutar ta game gari. Attajiri zai zuba miliyoyi ya tayar da gida, a jera masa ginshiƙai irin na Turawa waɗanda ba su ɗauke da nauyin komai, a manna gilashi ta ɓangaren da rana ke duka, sannan a ɗora zankwayen siminti a sama, a zana dagi a bango, a ce an girmama al'ada. Ka je wurin masu buga bulo ka gani da idonka: yashi tuli, siminti ɗan barbaɗe. Ka ɗauki guda ka murza gefensa da babban yatsa, sai ya marmashe. A kan wannan ake ɗora bene! Watan Afrilu na kamawa ɗaki ya zama tanda, a ɗauke wuta, maigida ya kwashi iyali su kwana a tsakar gida, ga janareto na ta hayaƙi.

Magina na da ba su yi mana wannan ha'incin ba. Ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a mulmula tubali, a tayar da bango mai kauri wanda zafin rana ba ya ratsa shi sai dare ya yi. Azara daga giginya take, gara ba ta ga wurin ci. A yi bakan gizo ya ɗauki rufi, a shafe bango da makuba, a sa katsi daga marina, a fitar da indararo don ruwan damina. Kowane abu da aikinsa. Da wannan ilimi Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, ginin da har yau masana daga Turai ke zuwa kallo, alhali ɗalibanmu da yawa ba su taɓa leƙa shi ba.

Na san abin da za a ce: ginin ƙasa na talaka ne, kuma sai an yi ta yaɓe. To, siminti ba ya tsagewa ne? A tsallaka Nijar mana. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Ba su kwaikwayi kowa ba, sun ɗauki abin gida sun ƙara masa ilimin zamani.

Mu kuwa ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu muna kallo ana yankarta ana kafa shaguna.

Gwamnatocin Kano, Katsina da Kaduna, tsofaffin magina ba su ƙare ba tukuna, amma suna ƙarewa. Ku nemo su ta hannun sarakunan magina, ku ba su aikin gyaran ƙofofi da ganuwa, ku haɗa su da ɗalibai masu koyon zanen gini, ku daina miƙa tarihinmu ga ɗan kwangilar da bai san tubali ba.