Kifi Ba Sunansa Kifi Kawai Ba

 Maudu'inmu na wannan mako daga bakin ruwa ya fito.

Mu duba labaran da muke rubutawa. In tauraruwa ta shiga kicin, sai mu ce ta soya kifi, shi ke nan. Wane kifi? Masuncin da ke jefa taru a madatsar Challawa ta Karaye, wadda aka kammala a 1992, ko a dam ɗin Kusalla, ba haka yake magana ba. Mai tallan kifi a kasuwar Rogo ma haka. Su tarwaɗa suka sani, da karfasa, da ƙurungu, da minjirya mai jan mutum kamar lantarki, da gaiwa mai binne kanta cikin laka har rani ya wuce.

Sunayen nan iri biyu ne. Ragon ruwa da giwan ruwa ko yaro ya ji ya san daga inda aka ɗauko su. Amma ƙurungu fa? Minjirya fa? Ba sa fasuwa a bakin Bahaushen yau, kuma irinsu ne masana harshe ke bi don gano waɗanda aka yi cuɗanya da su a da. A arewacin Turai, masani Ante Aikio ya nuna cewa harshen Sami na ɗauke da kalmomi masu yawa na dabbobi da yanayin ƙasa da ya gada daga harsunan da suka mutu ba tare da an rubuta su ba. Mu ma an gano raƙumi da takobi daga harsunan mutanen Sahara suka shigo mana.

Ra'ayinmu shi ne, kada mu zauna muna ƙirƙiro wa kalma asali don ta yi kama da wata. Wannan shaci-faɗi ne. Aikinmu tattarawa. Mu zauna da tsofaffin masunta, mu rubuta sunan yadda suka furta shi, da garin da muka ji shi, sannan mu gwada da ƙamusun Bargery na 1934. Abin da ba ya ciki, mun tsinci dami a kala. Sai mu sa shi a bakin taurarinmu.

Yaran da suka tashi da kifin gwangwani da tarwaɗar kiwo ba za su riƙe mana waɗannan sunaye ba. In tsofaffin suka tafi da su, babu inda za a sake tambaya.

Wane sunan kifi ake faɗa a garinku? Ku ajiye mana shi a ƙasa, tare da sunan garin.