RA'AYINMU: Masallacin Birni ya faɗi, binciken masana yana cikin durowa

Idan ba a manta ba, a farkon watan Satumba na 2024 ne tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, a nan Damagaram, ya rufta bayan wani ruwan sama mai ƙarfin gaske. Ginin yana tsaye tun ƙarni na 19, ya ga sarakuna, ya ga zuwan Nasara da tafiyarsu, ya ga yunwa da fari, amma damina guda ta kai shi ƙasa. A wannan shekarar ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har sai da gwamnati ta ɗage komawa lakkol zuwa ƙarshen Oktoba. Jama'a suka ce ƙaddara ce, kuma mu ma mun yi imani da ƙaddara. Abin da wannan jarida take tambaya shi ne: shin babu wanda ya ga alamar wannan ruwa tun kafin ya zo?

Akwai waɗanda suka gani, har ma suka rubuta. A 2017 wani masanin yanayi ɗan Ingila, Christopher Taylor, da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon bincike a mujallar Nature. Sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa cikin ɗan lokaci sun ninka har sau uku a Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar yana da sauƙin ganewa. Hamadar Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, to bambancin zafin nan shi ke ƙara wa iskokin sama ƙarfi, su kuma su haɗa hadari mai tsawo da kauri. Ƙari a kan haka, masana kimiyyar fizika sun daɗe da sanin cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar tururin ruwa da ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Abin da sama ta ɗauka kuwa sai ta sauke shi.

Wato ke nan ruwan da a da yake zuwa kashi-kashi, yanzu yakan zo a dare ɗaya. Manomi ya san bambancin, magini ma ya sani. Bari mu yi lissafin da kowa zai iya bi. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Idan aka yi milimita 50 a kan soro mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, lita 5.000 ke nan, tano 25 mai cin lita 200. Indararo ɗaya ko biyu da kakanninmu suka saka don ruwan zamaninsu, ta yaya za su fitar da wannan cikin awa guda? Ga shi Birni a kan duwatsu take zaune, ƙasa ba ta shan ruwa, sai ya gangara cikin lunguna, ya tarar da magudanai leda ta toshe su, ya kwanta a gindin katanga. Ginin ƙasa kuwa daga gindi yake mutuwa: tubali yana tsotsar ruwa zuwa sama kamar lagwanin fitila, har ya yi laushi, nauyin azara da rufi ya kayar da shi. Wani abin takaici, masu shafa wa ginin ƙasa siminti da niyyar kare shi sau da yawa kulle damshin suke yi a ciki. Kuma garin nan da ruwa yake rushe wa gidaje, shi ne wanda da bazara mata suke kwana layi a bakin famfo suna jiran ruwan Gogo-Machaya da Arunguza.

Kada wani ya ce ai wannan binciken Turawa ne, can nesa aka yi shi. Da yawa daga cikin ilimin nan a ƙasarmu aka auna shi. A 2006, ƙarƙashin shirin AMMA mai nazarin damina a Afirka ta Yamma, jiragen sama na bincike sun riƙa tashi daga Yamai suna bin hadari, an kafa na'urori a Banizumbu da Wankama, Amurkawa suka girke tasharsu ta awon sararin sama a filin jirgin Yamai tsawon shekarar. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, cibiyar ACMAD ta nahiyar Afirka ma a can take. Kuma a watan Afrilu na 2024, wata huɗu kafin masallacin ya faɗi, taron masana hasashen damina na yankinmu ya sanar cewa ana sa ran ruwa fiye da yadda aka saba a Sahel, tare da haɗarin ambaliya.

To a ina saƙon ya maƙale? Mai rubuta wannan sharhi ma'aikacin rediyo ne, kuma ya ga yadda abin yake. Takardar hasashe takan iso da Faransanci, cike da kalmomin da ko wanda ya ci bakalore sai ya yi ta juya su, wani lokaci ta iso bayan an gama shiri. Mai gabatarwa ya fassara yadda ya iya. A gaya masa akwai yiwuwar kashi 45 cikin 100 damina ta wuce yadda aka saba, shi kuma ya ce wa masu sauraro "bana za a yi ruwa". Idan aka sami kwana 15 babu ruwa a Yuli, sai a bugo waya ana cewa masu hasashe maƙaryata ne. Laifin ba na mai sauraro ba ne. Ba a taɓa zama an yi masa bayanin cewa damina tana iya yin yawa a jimla, amma ta zo da fari a tsakiya da ambaliya a ƙarshe ba. Mu ma ƴan jarida muna da namu kason laifin, domin mun fi ba siyasa da sanarwar biki lokaci.

Abin da ya faru da ilimin sama shi ke faruwa da ilimin iri. A 2017 masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda take da babbar gonar gwaji a Sadore kusa da Yamai, suka kammala karanta ƙwayoyin gadon hatsi, suka ƙidaya kimanin 38.000, suna neman sirrin da ya sa yake jure zafin da ke kashe sauran amfanin gona. A 2018 aka fitar da irin hatsin Chakti a Nijar, mai saurin nuna kuma mai yawan sinadarin ƙarfe da jini yake buƙata. Manoma nawa ne a Mirya ko Tanut suka ji sunansa? Akwai kuma wani bincike da ya kamata a ce kowane ɗan makaranta ya san shi. Masana na cibiyar IRD ta Faransa, tare da ƴan Nijar, sun kwatanta irin hatsin da aka tattara a ƙauyukanmu a 1976 da wanda aka sake tattarawa a waɗannan ƙauyukan a 2003. Suka tarar na baya ya fi saurin fitar da kai. Ma'ana, a shekarun fari manomanmu da kansu, ta hanyar zaɓen zangarniyar da za su ajiye don shuka, sun sauya irin ya dace da gajeruwar damina. Babu wanda ya ba su takardar shaida, amma aikin masu bincike suka yi, kuma an buga labarinsu da Turanci a mujallar da ba za su taɓa gani ba.

A ƙetaren iyaka kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka dasa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa don tsutsar da ke huda kwanson wake ta kasa cin sa. Masu goyon baya suna cewa yana rage feshin magani, masu adawa suna tsoron manomi ya koma dogaro da iri na saye. Ba mu yanke hukunci a nan ba. Amma duk wanda ya san zirga-zirgar da ke tsakanin Magarya, Matamaye da kasuwannin Daura da Kano ya san iri ba ya neman biza. Ya kamata a ce muna da masananmu da ɗakin gwajinmu da za su iya ɗaukar tiya guda ta wake daga kasuwar Dole su gaya mana wane iri ne, su kuma yi wa manomi bayani da Hausa ya zaɓa da saninsa.

Wannan kira ba sabo ba ne. Farfesa Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizika da ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Mutumin da ya kai ƙololuwar karatun Faransa shi ne ya ga cewa kimiyyar da ba ta shiga harshen jama'a ba, ba za ta shiga gidajensu ba. Ya rasu a 1991, kuma har yau ba mu da ƙamus ɗin Hausa na kalmomin yanayi da dukan gidajen rediyon jahar nan suka amince da shi.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jahar Damagaram, da magajin gari, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da Jami'ar André Salifou da aka kafa mana a nan tun 2010. Ba manyan kuɗi muke magana a kai ba. A saka ma'aunin ruwan sama a makarantun kowace unguwa, Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari, a koya wa yara karanta shi kowace safiya, jami'a ta tattara alƙaluman, don mu san da kanmu inda ruwa ya fi sauka da inda yake bi. A haɗa malaman jami'a da Sarkin Magina da mutanensa su zagaya tsofaffin gine-ginen Birni, fadar da sauran masallatai da soraye, su duba gindin katanga da faɗin indararo, su auna ko yaɓen gargajiya mai makuba ya fi siminti, a rubuta sakamakon a ajiye. Sannan da zarar hasashen damina ya fito a ƙarshen Afrilu, a zaunar da masu gabatar da shirye-shirye da limamai da masu unguwanni kwana ɗaya tak, masani ya yi musu bayani, su yi masa tambayoyi, a fitar da shafi guda da Hausa a kuma rubuta shi da ajami. Yasar magudanai kuwa aikin watan Mayu ne, kafin hadarin farko ya taso daga gabas.