LAYAR DA KE CIKIN RIGA

Yau zancena a kan wata 'yar aba ne da Turawa ke kira RFID, ni kuwa na sa mata suna layar rediyo. Ƙwayarta ba ta kai ƙwayar gero ba, an naɗe ta da siririn gorar ruwa, an manna a takarda ko a ɗinka a wuyan riga. Galibinsu ba su da batir. Sai na'ura ta aiko da igiyar rediyo, sa'an nan layar ta farka ta faɗi lambarta, ko da daga nisan yadi biyar, ko ta cikin jaka. Kowace laya lambarta dabam, watau riguna dubu iri ɗaya, kowace da sunanta.

Amfaninta ba ya ɓuya. Yanzu ƙasashen Turai suna so a daina saye a yar, a koma gyara da sake sarrafa kaya. Amma mai tsince tsofaffin tufafi ba ya iya sanin auduga zalla daga wadda a ka gauraya da roba, balle ya san rinin da a ka yi. In da laya, sai rigar ta ba da labarin kanta. Cikin 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka a riƙa yi wa kaya fasfo mai bayyana abin da a ka yi su da shi, wannan laya kuwa tana cikin hanyoyin da za a iya ɗaukarsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Cikin 2003 kamfanin Benetton na Italiya ya yi niyyar sa layu a tufafinsa, mutane su ka yi ca, ya janye. Cikin 2004 kamfanin Metro na Jamus ya karɓe katunan masu ciniki bayan an gano layu a ciki ba a gaya musu ba. Saboda irin wannan, cikin 2009 Hukumar Turai ta ba da shawara a kashe layar a bakin kanti, sai fa in mai saye ya yarda. Ashe kun ga an yi karo: mai sake sarrafa kaya yana son layar da rai har rigar ta tsufa, mai riga kuwa ba ya son a bi sawunsa daga kasuwa zuwa masallaci.

Kada wani ya ce ina ruwanmu. Gwanjon da a ke kwancewa a Ƙofar Wambai a Kano da Kantamanto a Ankara daga can ya ke zuwa. Wanda ya saya a nan, wa ya nemi yardarsa?

Ni dai a ganina sharaɗi uku ne. Na ɗaya, a sa alama bayyananna a kan duk abin da ke da laya. Na biyu, layar ta faɗi abin da a ka yi rigar da shi kaɗai, kada a haɗa lambarta da sunan mai saye. Na uku, a ɗinka ta inda almakashi zai iya cire ta ba tare da ɓata riga ba. Tsimi abu ne mai kyau, amma an hana mu binciken asirin juna.

Malamai, ina jiran amsarku a wannan fili. Allah ya rufa mana asiri, amin.

Naku, Mai Lura.