KAFIN KA SAYI INJIN YANKAN ITACE

Wani manomi daga Ruwan Bago, ta ƙasar Rogo, ya aiko mana da takarda. Ya ce ya sayar da masararsa da ɗan bijiminsa, kuɗi sun taru, yana so ya sayi injin nan mai sarƙa da haƙora don ya riƙa sana'ar itacen wuta da rani. Ya tambaye mu wane iri ya fi aminci. Tun da ya ke ba shi kaɗai ke wannan tunani ba a ƙasar Karaye da Rogo, mun ga ya kamata mu amsa masa a fili, kowa ya ji.

Amsarmu ita ce, ya sayi matsakaici, na ainihi, mai birki, wanda kayan gyaransa ke kusa. Kada kuma ya ja igiyarsa sai takardar hukuma tana aljihunsa. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Shi dai wannan inji ba sabon abu ba ne a duniya. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, ya kuma ƙera mai shan fetur a 1929. Na farkon nan masu nauyi ne ƙwarai, sai mutum biyu ke iya aiki da su. A 1950 kamfaninsa ya fito da wanda mutum ɗaya ke sarrafawa, a 1959 kuma kamfanin Husqvarna na Suwidin ya fara ƙera nasa. Waɗannan sunaye biyu su ne suka fi shahara, saboda haka su ne masu jabu suka fi kwaikwayo. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, amma ƙarfen ciki ba ɗaya ba. Kada ka yi cinikin biri a sama. Duba lambar da aka buga a jikin injin, ka ga ta dace da ta kwali. Nemi littafinsa, ka karɓi rasiɗi mai sunan kanti, a rubuta lambar a kai. In an yi maka kuɗin da ya gaza na sauran kantuna nesa ba kusa ba, ka tuna araha ba ta ado. In kuwa aljihunka bai kai na mai suna ba, gara ka sayi mara suna wanda ya faɗi gaskiyar kansa, da ka sayi wanda ya ari rigar wani.

Sa'an nan batun girma. Mutanenmu suna son babba, su kan ce a ba su irin na masu tsaga katako, watau Stihl 070. Wannan kuwa injinsa ya ɗara cc 100, kusan ɗaya da na babur ɗin haya, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. An yi shi ne don manyan gungume na kurmi. Mai yanka reshen darbejiya ba ya bukatarsa. Abin da zai ishi mai itacen wuta shi ne mai cc 40 zuwa 60, nauyinsa kilo 5 ko 6, dogon ƙarfen da sarƙa ke kewayawa a kai kuma inci 16 zuwa 20. Ya fi sauƙin mai, ya fi sauƙin gyara, ba ya kuma gajiyar da kafaɗa da wuri. Gajiyayyen hannu kuwa shi ke kawo tsautsayi.

Lalle ne ya zama yana da birkin sarƙa. Shi ne marikin nan da ke tsaye gaban hannun hagu. Dalilinsa shi ne, in bakin ƙarfen ya taɓa wani reshe ba shiri, injin ya kan yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai shi kafin ƙiftawar ido, sarƙar kuwa tana gudun mita 20 ko kusa da haka a daƙiƙa ɗaya. Birkin shi ke tsai da ita nan take. Sa mai kanti ya tayar da injin a gabanka, ka tura marikin gaba, ka ga sarƙa ta tsaya cik. Ka kuma miƙa bakinsa wajen farin kwali, ka ba shi wuta. In ka ga ɗigon mai ya yi layi a kwalin, to, famfon da ke shayar da sarƙa yana aiki. Ka haɗa da tabarau, da safar hannu, da takalmi mai rufi, da abin toshe kunne, gama ƙararsa tana kashe ji a hankali. Tsakanin daji da asibiti akwai rata, jini kuwa ba ya jiran mota.

Kafin ka biya, je wurin makanikin da ya fi kusa da kai, ko a Rogo ko a Karaye, ka tambaye shi wane iri ya saba gyarawa, wane iri kuma a ke samun fuloginsa da fistin da kafireta da sarƙa ba wahala. Injin da za a jira ƙarfensa wata guda daga Ikko ba amintacce ba ne, kome kyaunsa.

Amma fa a sani, rabin amincin inji yana hannun mai shi. Ba a zuba masa fetur zalla, sai an gauraya da man da aka yi domin irinsa. Ma'aunin da manyan kamfanonin nan suka ba da shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 cikin lita 5. Waɗansu injuna su kan nemi fiye da haka, sai ka bi abin da littafin naka ya ce. Kada ka zuba ƙonannen baƙin mai na mota a tankin sarƙa, yana cike da garin ƙarfe. Da hunturu, sa'ad da ƙura ta yi yawa, ka share matatar iska kullum da yamma. Busasshen icce da yashin da ke maƙale a ɓawo suna dakushe haƙora, saboda haka kada magagari ya rabu da aljihunka. Sarƙa mai kaifi tana zubo ɓarɓashi manya manya. In ka ga gari ya ke fita kamar dusa, tsaya ka wasa.

Yanzu ga batun hukuma. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ta sanar da hana aiki da wannan inji ba tare da izni ba. Ta ce mai inji sai ya yanki lasin da a ke sabuntawa kowace shekara, sare bishiya kuma sai da takarda dabam, a kuma dasa biyu ko uku a madadin kowace ɗaya. Tarar da ta ambata ita ce Naira 500,000 ga mai aiki ba lasin, da Naira 250,000 a kan kowace bishiya da aka sare ba izni. Ashe ke nan bishiya biyu sun isa su cinye masara da bijimi gaba ɗaya. Fara zuwa wurin malamin gandun daji na ƙaramar hukumarka tukuna, sa'an nan ka nufi kasuwa.

Akwai wanda zai ce, ina ruwan filin manoma da hana talaka neman abinci, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kome ya yi tsada, gas da kananzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa, itace yana kuɗi? Gaskiya ne, ba mu kuma hana ba. Abin da mu ke jin tsoro shi ne babban inji da aka saya da bashi. Shi ba ya ƙoshi da reshe, sai gindi. Bashi na matsa mai shi, sai ya dubi ɗorawar da kakansa ya bari a gona. Abin da gatari zai wuni yana sara, inji ya kayar kafin shayi ya huce. Ɗorawa kuwa ita ce daddawa, kaɗanya ita ce man kaɗe, tsamiya ita ce kunu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya taki gona, ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da awaki. Kuɗin iccensu na mako guda ne, amfaninsu kuwa na shekara da shekaru ne, yawancinsa ma a hannun matan gida ya ke.

In ana so a ga yadda a ke samun itace ba a kashe bishiya ba, a dubi 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, inda ruwan sama bai kai namu ba. Tun daga 1983 manomansu suka fara abin da su ke kira sassaben zamani. In kututture ya yi toho a gona ba su ƙone shi, sai su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran su kai murhu. Da haka gonakin da suka zama fako suka sake cika da itatuwa, masu bincike sun ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Mu ma muna da darbejiya da turare, waɗanda in an yi musu aski su kan sake tohowa. Irin wannan aiki kuwa ƙaramin inji ya fi dacewa da shi.

To, Malam na Ruwan Bago, ka ji shawararmu. Sayi daidai ƙarfinka, kada ka ci bashi dominsa. Yi ciniki da masu gonaki a kan rassa da busassun itatuwa, ka bar mai 'ya'ya a tsaye. Da damina ta faɗi ka dasa naka a bakin gona, domin nan da 'yan shekaru injinka ya sami abin ci a gida. Allah ya ba da sa'a, ya kiyaye tsautsayi, amin.