Tsakar Gida Ba Filin Jirgi Ba Ce

Wata cuta ta shigo sababbin unguwannin da ke bayan garuruwanmu, tun daga Kafanchan har Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, kuma mu 'yan boko ne muka ɗauko ta. Mutum zai sayi fili, kafin ya haƙa harsashi sai ya sa gatari ya kayar da mangwaro da ɗorawar da ya tarar. Da gini ya kammala sai ya malale tsakar gida da siminti daga ƙofar ɗaki har bakin titi, bai bar ko inda za a dasa barkono ba. Wai shi ke nan ya waye.

To, mu zauna mu yi lissafi. Allah ya hore wa wannan yanki ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,500 a shekara. Kowace milimita da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita guda ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 150,000 a damina ɗaya, wato durom 750 mai cin lita 200. A gidan da aka daɓe, wannan ruwa ba shi da inda zai nutse. Sai ya fita waje, ya haɗu da na maƙwabta, ya zaizaye hanya har ta zama kwazazzabo. Ita kuwa rijiya, abin da ƙasa ta sha shi take bayarwa. Don haka da watan Maris ya kama, maigidan da ya kori ruwa da damina shi ne zai tsaya yana ciniki da 'yan garuwa.

Bugu da ƙari, siminti yakan wuni yana shan rana, ya kwana yana amayar da zafi. Sai a koma ga fanka da janareta, alhali tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin fetur kowa ya san yadda lita take. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Ashe da tsada muke sayen zafi!

Iyayenmu na ƙasar Numana da Ninzo ba su san wannan wauta ba. Bayan ɗakin kowace mace akwai yakuwa da kuɓewa da rama da shuwaka, ga gwanda a gefe. Toka da kashin kaji da sharar gida duk juji suke tafiya su zama taki. Annobar da ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023 ta isa wa'azi: amfanin sayarwa yakan ci amanar manomi, amma mai miya a bayan ɗaki ba ya kwana da gaya tsura.

Masu daɓe suna da hujjojinsu: laka, maciji, sauro, da saiwar da ke tsaga bango. Laka dai maganinta siririyar hanya ta tsakuwa daga ƙofar gida zuwa ɗaki. Maciji ɓera da duhuwa yake bi, ba ya zama a shararren lambu. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, cikin gwangwani da tsohuwar taya da toshasshiyar kwata, saboda haka a kafa indararo, a tara ruwa a tanki, a rufe shi. Mangwaro a dasa shi nesa da bango, zogale da gwanda su zauna kusa.

Muna kira ga hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, da kada ta sa hannu a kan taswirar gidan da bai bar aƙalla sulusin filinsa ƙasa tsagwaronta ba. Amma kafin doka ta zo, mu ɗalibai da malamai mu fara da kanmu, domin mu ake kallo a kwaikwaya. Wanda bai daɓe ba, kada ya fara. Wanda ya riga ya daɓe, ya nemo diga ya fasa kusurwa ɗaya kafin ruwan fari ya sauka.