Dodannin Cikin Waya da Barcin 'Ya'yanmu

'Yan'uwa manoma na Durum da sauran ƙasar Damagaram, wani wasa ya shigo wayoyin salula: mutum guda yana harbin dodanni masu ɗungumowa kamar fara. In ya kashe goma, ɗari su taso. Irin wannan wasa ya daɗe, domin tun 1978 aka fito da Space Invaders a Japan. An tsara shi ne yadda mai yi zai riƙa cewa "saura sau ɗaya" har dare ya raba.

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwana bisa waya ba ya iya sammakon korar jan-baki daga gero, ba ya kuma riƙe karatu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka.

Shawararmu ita ce a yanka wa yaro lokacin wasa da rana, bayan aiki. Da an yi sallar isha'i, waya ta kwana wurin iyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.